Daidai Tafin Hannu

Ta babana ta faɗi a Tasawa,
ko cikin buhunan aya, ko a bakin tasha,
Allah masani.
Kwana tara hannuna na shiga aljihu
yana dawowa da zare da ɓawon gyaɗa.

Ran Litinin na bi ta bayan babbar kasuwar Maraɗi,
inda zuga-zugi ke huci kamar san da ya wuni a huɗa.
Barmo maƙeri na zaune gaban uwar maƙera,
ya baje su bisa tsohon buhun siminti:
masu kube, masu naɗewa, mai ƙotar ƙaho,
da wata mai zoben jan ƙarfe har uku
tana walƙiya kamar haƙorin Makka.

Ita na ɗauka.
Barmo ko kai bai ɗaga ba.
Ya ce, "Ajiye. Wannan bango take so.
Kai me kake yankawa?"

Na ce igiya.
Na ce albasa, in dare ya riske ni a Dakwaro.
Rake. Bakin buhu. Kilishi ran da ciniki ya yi kyau.
Ƙaya a dunduniya. Farce.
Jefi-jefi zakara,
in mai masauki ya rantse sai baƙo ya yanka.

Ya ce, "To ba takobi ka zo nema ba.
Buɗe hannunka."
Ya kwantar da wata baƙa a tafina,
ba zane, ba zobe, kamar ba ta son a gan ta.
Daga gindin yatsu zuwa wuyan hannu ta tsaya.
"Wadda ta fi tafin mai ita
ita ke ɗaga masa murya a tasha,
ita ke sa jandarma ya ce sauko mu gani.

Ƙarfen nan sifirin gingimari ne,
shekara ashirin yana ɗaukar gero zuwa Agadas.
Ya fi ka sanin hanya.
Ƙotar ƙirya ce, gara ta gaishe ta ta wuce."

Ya shafa kaifin a damtsensa, gashi ya zube.
Ya tsoma hannuna a kaskon ruwa,
ya ce riƙe ta da danshi, ka ji ko tana gudu.
Ba ta gudu ba.
Ya buɗe, ya naɗe, ya buɗe, dab da kunnena:
"Saurari ƙusar. In ta ce ƙas, ta amsa.
Mai rufuwa shiru,
wata rana da yatsanka za ta rufe."

Jaka biyu da rabi, in ji shi.
Na ce jaka da rabi. Ya ce albarka.
Muka ja har gawayin ya yi toka,
muka rabu a jaka biyu,
da gyaran guntun dutsen wasa.
Ina miƙewa ya bi ni da murya:
"Ɗigon man gyaɗa in damina ta sauka!
Ban da gwangwani! Ban da mai fushi!"

Laraba, bayan Kornaka, taya ta fashe.
Mu goma sha bakwai a inuwar aduwa ɗaya,
ruwa ya ƙare tun hantsi.
Wata tsohuwa, Tamakka, ta mirgino kankana daga ƙunshinta,
ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ƙas.

Daga hannuna ta tafi hannun direba,
daga nan wajen wani Buzu da ban ji sunansa ba,
ya juya ta, ya gwada a babban yatsa, ya gyaɗa kai.
Har yaron mota ya samu ɓarinsa.
Ta dawo mini a jiƙe,
ƴaƴan kankana biyu manne a ƙota.

Na goge ta a gefen riga
irin yadda babana ke yi,
sau biyu ciki, sau ɗaya baya.
Sai da na maida ta aljihu
na tuna ban taɓa tambayarsa
wa ya ƙera tasa ba.